Lambobi Biyu Ke Gardama: Lacca Kan Rikicin Siga Wajen Gina Modul



An nemi in yi magana kan wata matsala da kusan duk mai taɓa harkar manhaja ya sha karo da ita: ka sauko da rubutun wani modul, ka bi umarnin mai shi layi bayan layi, kwamfuta ta yi ta zubo rubutu kamar abin arziki, can sai ta cije ta ce lambar siga ba ta dace ba. Saboda waɗanda suka shigo daga wasu sassa, modul wani yanki ne na manhaja da ake ginawa daban, sannan a jona shi da wata babbar manhaja da ta riga shi zama a kwamfutar. Ba ya tsayawa da ƙafarsa. Direban na'ura a Linux modul ne, haka ma ƙarin da ake rubuta wa Python ko Node da harshen C.

Maganar da na zo da ita guda ce. Duk sa'ad da kwamfuta ta yi ƙorafin siga, lambobi biyu ne a hannunta. Ɗaya an buga ta a jikin modul ranar da aka gina shi, ɗayar kuwa ita aka tarar a gida ranar da aka zo aiki da shi. Mafi yawanmu da mun ga ƙorafin sai mu kwafe shi mu zuba wa Google, mu yi ta gwada duk umarnin da wani ya ce ya yi masa magani. Wanda ya iya aikin tsayawa yake ya tambayi kansa: wannan lambar daga wane fayil ta fito, waccan daga ina, kuma wa ya kwatanta su, da wace ƙa'ida? Zan daɗe a kan kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, domin a nan ake ganin abin ƙuru-ƙuru. Sauran zan bi ta kansu da sauri.

Mu ɗauki ɗalibi da ya sayi kwamfutar hannu ta gwanjo, ya ɗora mata Ubuntu 22.04, ya kuma sayi 'yar sandar wayifai ta USB saboda ta cikin kwamfutar ta mutu. Da dama daga irin waɗannan sanduna cif ɗin Realtek ne a cikinsu, kuma wasunsu direbansu bai zo tare da kanel ba, sai an sauko da rubutunsa an gina. Ya gina lafiya, fayil mai ƙarewa da `.ko` ya fito. Ya buga `insmod`, aka mayar masa da kalmomi uku: `Invalid module format`. A nan mutane da yawa ke ɓata, domin suna zaton duk bayanin da za su samu ke nan. Kanel ba ya yi wa `insmod` doguwar hira, lambar kuskure kawai yake miƙa masa. Ainihin dalilin yana rubuce a kundin kanel, wanda `sudo dmesg` ke buɗewa, kuma layukan ƙarshe su za ka duba. Kada ka taɓa komai kafin ka karanta su.

Kowane modul na Linux yana ɗauke da wani hatimi da ake kira `vermagic`. Ka buga `modinfo -F vermagic` tare da sunan fayil ɗin, za ka ga abu irin wannan: `5.15.0-88-generic SMP mod_unload modversions`. Farkonsa lambar kanel ce, sauran kuma wasu zaɓuɓɓuka ne da aka kunna lokacin gina kanel ɗin, kamar iya aiki da firosesa fiye da ɗaya da iya sauke modul bayan an loda shi. Lambarka ta farko ke nan. Ta biyu kuma `uname -r` zai ba ka ita, wato kanel ɗin da ke aiki yanzu haka. Ajiye su gefe da gefe, ka bi su harafi bayan harafi. Na ce harafi bayan harafi ne saboda ido yana da ha'inci: 88 da 91 a tsakiyar dogon rubutu ba sa kiran mutum.

To, daga ina modul ya samo tasa lambar? Nan ne gaɓar da nake so kowa ya riƙe. Modul ba ya tambayar kanel mai aiki ko kai waye. Lambar da ya tarar a babban fayil ɗin da aka nuna masa lokacin gini ita yake kwafewa, daga wani ɗan fayil mai suna `utsrelease.h` da ke ƙarƙashin `include/generated`. A al'ada umarnin ginin yana nuna `/lib/modules/`, sai lambar kanel, sai `build`, shi kuma wannan `build` ɗin nuni ne kawai zuwa ga fayilolin heda da ke cikin `/usr/src`. Idan nunin ya karkata zuwa hedar wani kanel, ko mai rubutun ya kafe wata hanya da hannu a cikin `Makefile`, ginin zai tafi sumul, ba gargaɗi ba komai, amma abin da ya fito ɗan wani gida ne.

Abin da ya fi jawo wannan a wajenmu ba wani abin mamaki ba ne. An sabunta kwamfuta, sabon kanel ya sauka tare da hedarsa, amma ba a kashe an kunna ba, saboda haka tsohon ne ke aiki. Ko an kunna, sabon ya hau, amma fayil ɗin `.ko` na makon jiya ne. Ko kuma data ta ƙare ana tsakiyar saukewa, ko an ɗauke wuta batir kuma ba ya riƙe caji, kanel ya shigo hedarsa ba ta iso ba. Buga `ls /lib/modules` ka ga kanel nawa ke kwance a kwamfutar, sannan `ls -l` a kan `build` ka ga inda yake nunawa. Sau tari binciken a nan yake ƙarewa: ka girka kunshin `linux-headers` mai lamba daidai da `uname -r`, ka yi `make clean`, ka sake gini. Kada ka tsallake `make clean`. Shi `make` lokacin da aka taɓa fayil yake dubawa, yana iya ganin tsofaffin guntayen gini ya ɗauka har yanzu suna da kyau.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya wahalar da masu gina kanel da kansu, musamman masu wasa da Raspberry Pi. Lambar kanel haɗe-haɗe ce: layuka huɗu na saman `Makefile` su ke ba da manyan lambobi, sai abin da aka rubuta a `CONFIG_LOCALVERSION`, sai kuma wani ɗan shiri mai suna `setlocalversion` ya leƙa ma'ajiyar Git ya ƙara nasa. In ya ga rubutun bai tsaya daidai kan wata alamar fitarwa ba, yakan liƙa alamar tarawa a ƙarshe, in kuma an kunna wani zaɓi ya ga an taɓa fayilolin ba a adana ba, ya rubuta `-dirty`. Shi ya sa za ka ga kanel na Raspberry Pi mai suna `5.10.17-v7+`. Mutum ya sauko da rubutun wannan kanel ɗin daidai, a matse cikin zif ba tare da tarihin Git ba, ya gina modul, lambar ta fito `5.10.17-v7`. Rubutu iri ɗaya, tsari iri ɗaya, alama guda ta raba su, kanel ya ce bai san zancen ba. Kafin ka ɓata sa'o'i kana gini, `make kernelrelease` zai faɗa maka lambar da za ta fito nan take.

Yanzu mu koma kan kalmar nan ta ƙarshe a hatimin, `modversions`, domin ita ke sauya wasan. Idan an kunna ta, kamar yadda Ubuntu ke yi, kanel yakan ƙyale lambar farko ta hatimin, ya kwatanta sauran kawai, sannan ya yi wani bincike da ya fi wancan zurfi. Lokacin gina kanel, kowane aiki da kanel ya buɗe wa moduloli ana duba fasalinsa: me yake karɓa, me yake mayarwa, yaya tsarin bayanan da yake taɓawa yake. Daga wannan ake lissafa wata gajeriyar lamba ta tantancewa, CRC, a tara su duka a fayil mai suna `Module.symvers`. Modul yakan kwafi lambobin ayyukan da yake bukata ya riƙe. Ranar lodawa sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta saɓa, `dmesg` zai ce `disagrees about version of symbol`, ya ambaci sunan aikin, galibi `module_layout`, domin shi ake fara dubawa.

Ku lura, wannan "siga" da ake magana a nan ba mutum ne ya zaɓe ta ba, lissafi ne ya haife ta. Kanel biyu suna iya zama da suna ɗaya sak, amma an gina su da `.config` daban, wani zaɓi ya ƙara gurbi guda a cikin wani tsarin bayanai, CRC ta canza. Don haka in `uname -r` da hatimin modul sun yi daidai amma ƙorafin bai tafi ba, `.config` da `Module.symvers` za ka tuhuma. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne umarnin `make modules_prepare`. Yana shirya rubutun kanel don gina modul, amma ba ya samar da `Module.symvers`, sai an gina kanel ɗin gaba ɗaya ko an kwafo fayil ɗin daga kunshin heda na kanel mai aiki. Ginin yakan yi gargaɗi cewa fayil ɗin babu shi, amma gargaɗin layi ɗaya ne cikin ɗaruruwa, wa ya tsaya karantawa?

A nan ne wani zai ɗaga hannu ya ce, Malam, ai akwai `--force`. Akwai kam. `modprobe` yana da `--force-vermagic` da `--force-modversion`, wasu ma editan fayil suke buɗewa su gyara hatimin da hannu. Kamar bakanike ne ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo birki, ya dawo ya ga lambar jikinsa ta saɓa da ta motar, sai ya sa sanfefa ya goge lambar ya ɗaura. Modul ba da suna yake nemo gurbi a cikin tsarin bayanai ba. Tun ranar gini aka lissafa masa cewa abu kaza yana nisan bayit kaza daga farko, ya haddace. In kanel mai aiki ya matsar da gurbin, modul zai je inda ya sani ya rubuta a kan kayan wani. Kuma a cikin kanel babu shingen da ke tsakanin manhajoji na yau da kullum. In ka yi sa'a kwamfuta ta daskare nan take, ka gane kuskurenka. In ba ka yi sa'a ba ta ci gaba da aiki tana ɓata fayilolinka a hankali. Shi ya sa kanel ke yi wa kansa tambarin gurɓata da harafin F da zarar an tilasta masa, kuma masu kula da kanel ba sa ɓata lokaci kan rahoton kuskure mai wannan tambari. A ganina suna da gaskiya.

Wani zai ce, me ya hana masu Linux su tsayar da fasalin cikin kanel wuri guda, kowa ya huta? Da gangan suka ƙi. Greg Kroah-Hartman ya rubuta takarda a kan haka, tana nan cikin takardun kanel da sunan `stable-api-nonsense`. Hujjarsa ita ce alkawarin da kanel ya ɗauka na manhajojin da ke samansa ne, ba zai karya su ba, amma cikinsa dole a bar shi ya sauya don a gyara kurakurai, kuma duk direban da aka shigo da shi cikin rubutun kanel, wanda ya yi sauyin shi zai gyara shi. Wanda ya zauna a waje kuwa shi zai riƙa bin sawu. Don rage wannan wahala injiniyoyin Dell suka fito da DKMS a 2003: ka ba shi rubutun modul sau ɗaya, duk ranar da sabon kanel ya sauka ya sake gina masa. `dkms status` zai nuna maka wane modul aka gina wa wane kanel, in kuma gini ya faɗi akwai `make.log` a ƙarƙashin `/var/lib/dkms`.

Ita ma kompaila tana da tata lambar. Masu Ubuntu 22.04 sun ga haka da kanel 6.5 ya iso musu: an gina shi da gcc 12, alhali gcc 11 ce ta zo da tsarin. Fayilolin heda suna tuna zaɓuɓɓukan da aka ba gcc 12, sai su miƙa wa gcc 11 wani zaɓi da ba ta taɓa ji ba, gini ya tsaya. Ƙorafin bai ambaci siga ba ko kaɗan, zaɓin da ba a gane ba kawai ya ambata. `cat /proc/version` na faɗin kompailar da ta gina kanel, `gcc --version` na faɗin wadda ke hannunka.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu, lambobin ne suka saɓa da gaske. Akwai kuma inda lambobin lafiyarsu ƙalau, mai kwatanta su ne ke da larura.

Masu rubuta direba a waje sukan cika rubutunsu da sharaɗi: in kanel ya kai siga kaza yi haka, in bai kai ba yi haka. Suna dogara da `LINUX_VERSION_CODE`, wadda ke matse lambobi uku cikin guda: ta farko a ninka da 65536, ta biyu da 256, a tara da ta uku. Ma'ana an ba ta ukun gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 255. Da aka tsara haka babu wanda ya zaci za a yi wa kanel guda gyara sau 256. Sai ga 4.4 da 4.9, waɗanda suka fito a 2016 aka kuma daɗe ana kula da su, sun kai can a watan Fabrairun 2021. Ku yi lissafin da kanku: 4.9.256 yana ba da 264704, shi ma 4.10.0 yana ba da 264704. Kroah-Hartman ya fitar da 4.9.256 babu wani gyara a ciki sai sauyin lamba, don a ga abin da zai karye, daga baya aka yanke cewa a cikin wannan lissafi lamba ta uku za ta tsaya a 255 ko da sunan kanel ya wuce nan.

Wanda ya fi wannan yawan cizo shi ne na Red Hat. Tsarinta na RHEL 7 ya fito a 2014 da kanel 3.10.0, kuma har ƙarshen rayuwarsa ta shekara goma sunan bai motsa daga 3.10.0 ba, alhali an yi ta ɗebo abubuwa daga sababbin kanel ana zuba masa. Direban da ya ga 3.10 sai ya ce ai wannan tsoho ne, ba shi da aiki kaza, bari in rubuta nawa. Kompaila ta ce an bayyana abu ɗaya sau biyu. Red Hat ta tanadi `RHEL_RELEASE_CODE` don wannan, amma hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta OpenZFS da direban NVIDIA: kafin gini sukan gwada harhaɗa 'yan ƙananan rubuce-rubuce, su gani da idonsu ko aikin yana nan da kuma fasalinsa, maimakon su yi duba da lamba. In kuna rubuta modul naku, ku yi koyi da su.

Sai kuma masu ɗaukar lamba a matsayin rubutu. A watan Yulin 2011 Linus Torvalds ya tsallaka daga 2.6.39 zuwa 3.0, ba don wani babban sauyi ba. Manhajoji da dama da suka shekara bakwai suna ganin 2.6 sun riga sun kafe cewa lambar kanel da haka take farawa. Abin ya kai Fedora 15 ta ba mutanenta kanel 3.0 da sunan 2.6.40, lambar da Torvalds bai taɓa fitarwa ba, kuma har yau `setarch` yana da zaɓin `--uname-2.6` mai sa kanel ya yi wa tsohuwar manhaja ƙaryar shekarunsa. Bayan shekara goma Python ya faɗa irin wannan rami. A watan Oktoban 2021 aka fitar da 3.10. Rubuce-rubucen gini masu yanko haruffa ukun farko na lambar sai suka samu 3.1, sigar 2009. Masu kwatanta rubutu da rubutu suka ga 3.10 ta gaza 3.9, tunda harafin 1 yana gaban 9 a jeri. Waɗanda suka rubuta 3.10 a fayil ɗin YAML ba tare da alamar zance ba, aka karanta musu ita a matsayin adadi mai ɗigo, sifirin ƙarshe ya faɗi, na'urar gini ta tafi neman Python 3.1.

Kada ku ɗauka akwai ƙa'ida guda da kowa ya yarda da ita. A Perl, lamba mai ɗigo ɗaya adadi ce ta gaske, saboda haka 1.10 ta gaza 1.9, kuma wanda ya ɗora 1.10 a ma'ajiyar Perl ta CPAN bayan 1.9 za a ce masa lambarsa ta ja baya. A tsarin SemVer na Tom Preston-Werner, `1.0.0-rc.1` ta gaza `1.0.0`, gwaji ce kafin fitarwa. A Debian kuwa abin da ya biyo bayan karan ɗori lambar gyaran kunshi ce, don haka `1.0-rc1` ta fi `1.0`, kuma mai son a ɗauke ta gwaji sai ya rubuta `1.0~rc1`. In lamba ta riga ta lalace, Debian da RPM suna da wata lambar zamani da ake sawa a gaba, kamar `1:`, wadda ke rinjayar duk abin da ke bayanta. Kada ka yi gardama da ka. Tambayi alƙalin da zai yanke hukuncin: `dpkg --compare-versions` a Debian, `sort -V` a tamina, laburaren `packaging` a Python.

Wata matsalar kuma mu muke jawo ta da hannunmu saboda tattalin data. Manhajoji da yawa yanzu ba sa rubuta lambarsu a kowane fayil. Lokacin gini sukan tambayi Git da `git describe`, shi kuma ya nemo alamar fitarwa mafi kusa, ya ƙirga gyare-gyaren da aka yi bayanta, ya haɗa lamba. A Python `setuptools-scm` ke wannan aiki. To ɗalibinmu ya ga ma'ajiyar tana da nauyi, ya sauko da ita da `--depth 1`, wato gyaran ƙarshe kaɗai, babu tarihi babu alamomi. Ginin ya duba bai ga alama ba, ya laƙaba wa modul lamba mai farawa da `0.1.dev`. Wata manhaja da ke bukatar siga 2 ko sama ta ƙi shi, alhali rubutun na jiya-jiya ne. In kuma zif ya sauko da shi daga GitHub, ginin ma ba zai fara ba, zai ce ya kasa gano siga. `git fetch --unshallow --tags` na maido da tarihin. In datar ba za ta kai ba, `SETUPTOOLS_SCM_PRETEND_VERSION` na ba ka damar faɗin lambar da bakinka. Ku sani kuma na'urar GitHub Actions ita ma gyara ɗaya take saukowa da shi in ba a ce mata ta kawo duka ba.

Saura masu sauƙin ganewa, domin su suna faɗin lambobin biyu a fili, sai dai ba lambobin da ka saba da su ba. Node zai ce an gina modul da `NODE_MODULE_VERSION` 108, shi kuma yana bukatar 115. Babu Node 108. 108 ta Node 18 ce, 115 ta Node 20, kuma `npm rebuild` ke sasanta su. Java zai ce fayil ɗin siga 61 ne, shi iyakarsa 52. Cire 44 daga kowacce: an gina da Java 17, ana so a kunna da Java 8. NumPy 2.0 da ya fito a watan Yunin 2024 ya sauya fasalin cikinsa, modulolin da aka gina da NumPy 1 suka ƙi tashi a kansa sai an sake gina su, ko a tsayar da NumPy ƙasa da 2 kafin masu su su kammala.

Na glibc, laburaren C da kusan kowace manhajar Linux ke dogara da shi, ya cancanci ɗan tsayawa saboda yana da alƙibla. Ka gina a kwamfutarka mai Ubuntu 22.04, wadda ke da glibc 2.35, ka kai sabar makaranta mai Ubuntu 20.04 da glibc 2.31, aka ce `GLIBC_2.34 not found`. Kowane aiki a glibc yana ɗauke da lambar sigar da ya samu fasalinsa na yanzu, kuma sabuwar glibc tana riƙe da tsofaffin, amma tsohuwa ba ta da yadda za ta san na gaba. A 2.34 an sauya lambar aikin da ke tayar da kowace manhaja, shi ya sa ko shirin da ba ya komai sai gaisuwa yake neman 2.34. Abin da aka gina a tsohon tsari yana tafiya a sabo, akasin haka ba ya yiwuwa. Saboda haka masu rarraba modulolin Python suke gini a cikin tsohon tsari da gangan: `manylinux2014` a kan CentOS 7 yake, mai glibc 2.17. Ina roƙonku, kada wanda ya ce zai sauya glibc ta saba da hannu don modul guda. Kusan duk umarnin da za ka bukata wajen gyara ɓarnar a kanta yake tsaye. `objdump -T` zai nuna maka aikin da ke neman sabuwar lamba, `ldd --version` kuma abin da sabar ke da shi, sai ka koma ka yi ginin a kwantenar Docker mai tsarin da ya yi daidai da sabar.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi sa mutum ya yi zaton aljanu sun shiga kwamfutarsa. Ka girka sabuwar siga, ka gani da idonka ta girku, ginin ya ce har yanzu tsohuwa yake gani. Kusan kullum kwafi biyu ne a gidan. Ɗaya a `/usr` da tsarin ya zo da shi, ɗaya a `/usr/local` da ka gina wata shida da suka wuce ka manta. Kompaila ta ɗauki heda daga nan, mai haɗawa ya ɗauki laburare daga can. Ko `pip` na wani Python ne, `python3` kuma na wani. `which -a python3` zai jero su duka, `python3 -m pip` zai tabbatar wanda ka kira shi ne ya karɓi kayan, `pkg-config --modversion` zai faɗi sigar da ginin ke gani, `ldd` kuma ya nuna fayil ɗin da za a ɗauka ranar aiki, da cikakkiyar hanyarsa. Masu CMake su tuna cewa `CMakeCache.txt` yana haddace inda ya ga laburare a karon farko, ba ya sake nema sai an share shi.

In duk ka bi waɗannan abin ya gagara, za ka nemi taimako, to kada ka tura hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace, an yanke rabin layin, ka rubuta "ba ya yi" a ƙasa. Kwafo rubutun kansa. Sa umarnin da ka buga daidai yadda ka buga shi, da kuskuren farko da ya bayyana, domin na ƙarshen yawanci `make` ne kawai ke sanar da cewa ya haƙura. Haɗa da abin da `uname -r` da `modinfo` da `gcc --version` suka ce, ka kuma faɗi yadda ka samo rubutun, Git ne ko zif, da abin da ka sauya a kwamfutar tun ranar da abin ya yi aiki na ƙarshe.

Malam shugaban zama yana ta duban agogo. Na ga wasu sun zo da kwamfutocinsu, to duk mai modul da ya ƙi hawa ya matso gaba, mu jona ta da majigi mu buɗe `dmesg` kowa ya gani. Sauran tambayoyi kuma bismillah.